Ranar da Na Goge Hannun Baba

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a sana'a waɗanda na riga na manta, amma makon da na sa aka sauya wa kwamfutar shagona babbar manhaja ba zai taɓa fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai in sauke ajiyar zuciya in yi hamdala. Abin ya ƙare lafiya, amma ba don wayona ba. Da wayona ne kaɗai, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Ni tela ne a Sabon Garin Wudil, aikin babbar riga da kaftani nake yi da injin nan da ake cewa ɗinkin kwamfuta. Karatuna bai yi nisa ba, daga firamare na ɗan leƙa sakandare na dawo kan keken ɗinki. Mahaifina kuwa, da ke zaune a Lajawa, mai zanen riga ne tun yana saurayi. Ba ya ɗinki, zane kawai yake yi. A kawo masa riga ya shimfiɗa a kan tabarma, ya tsoma alƙalami a tawada, ya zana aska da tambari da duk abin da ya zo masa a ka, sannan masu aikin hannu su bi da zare. Zanensa ba ya zama a gida, kowanne bin rigarsa yake yi ya tafi. Mutanen da suka san riga, ko a taro suka hango ta, sukan ce wannan hannun Malam ne na Lajawa.

Da girma ya fara kama shi, sai hannunsa ya soma rawa. Shi ya fara lura, tun kafin mu gani. Sai ya sa aka tara masa takardun buhun siminti, ya zauna a zaure duk tsawon wani rani yana zana duk abin da ya taɓa ƙirƙira. Da ya gama ya naɗe su ya miƙo mini, ya ce, "Ga shi nan, ka zuba a cikin akwatin naka. Ni hannuna ya fara sallama." Na kawo su shago, na riƙa bin kowane layi da maus, wato linzamin kwamfuta, kamar yadda wani mutum a Kano ya koya mini lokacin da na sayi injin, har na shigar da su duka. Daga nan Baba bai ƙara riƙe alƙalami ba, ko kofin shayi da hannu biyu yake tallafa.

Takardun kuwa, laifina na farko ke nan. Na ce ai yanzu suna cikin kwamfuta, na cusa su a saman kwabet. Damina ta zo, kwano ya yi yoyo, gara ta ƙarasa sauran. Da hannuna na share su na zuba a bola, ban ko gaya masa ba.

Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa mini. Ya ce duk zanen da na shigar, kada allura ta taɓa shaddar mutane sai na fara gwada shi a kan ƙyalle. Abin yana ba ni haushi, don ga ɓarnar zare ga ɓarnar man janareta. Na taɓa ce masa, "Baba, kwamfuta fa ba ta kuskure." Ya ce, "Na ji. Kai fa?" Haka na riƙa yi ina gunaguni. Ƙyallayen gwajin nan tare nake haɗa su da sauran yanke-yanken yadi in cusa a buhu, don mahaifiyata, da muke kira Inna, ta ce kada in kuskura in zubar, tana cusa matashin kai da su. Duk ranar da za ni gida sai in ɗaura buhun a bayan babur. Ban taɓa tambayar inda suke ƙarewa ba.

Ita kwamfutar ta hannu na saya, kuma ko a lokacin ta ga jiya. In na kunna ta da safe, sai in share shago, in yayyafa ruwa a ƙofa, in gaisa da maƙwabta, in dawo in tarar tana ta nishi ba ta gama farkawa ba. Amma in ta farka tana aiki. Ni ma hanya ɗaya na sani a cikinta, kamar jakin da ya san hanyar gona: in danna ɗan hoton da ke kan sikirin, zanen ya buɗe, in tura wa inji. Ko taku ɗaya na kauce daga nan, na ɓata. Wannan kuwa babu wanda ya sani, don a layinmu ni ake ɗauka masanin kwamfuta, har mai shayi yana turo mini mutane in duba musu waya. Ni kuma ban taɓa cewa ban iya ba.

Akwai wani ɗalibin jami'ar nan ta garinmu, mutumin wajen Gombe, da ke kawo mini ɗinki. Kwamfuta yake karanta, don haka nake kiran sa Injiniya, shi kuma yana ce mini Oga. Shi ya fara gaya mini cewa babbar manhajar da ke cikin kwamfutata, wato wadda duk sauran manhajoji ke zaune a kanta, ta tsufa har masu ita sun daina kula da ita. Ya ce fulash ɗin da mutane ke kawo mini da hotunan ɗinki zai iya shigo mata da cuta wata rana, kuma sababbin manhajojin zane ba za su hau kanta ba.

Na ce, "To a sauya mana."

Ya ce, "Oga, ba gaggawa. Tunda ba ka saka ta a intanet, kuma tana maka aiki, ka bari sai lokacin da ba ka da aikin mutane a hannu. Sauyin nan kamar tashi daga gida ne, sai an kwashe kaya tukuna."

Na daɗe ina juya maganar. Wata rana in tashi da niyyar a sauya, wata rana in ce me ya yi zafi. Na tambayi mai shagon buga takardu na gefenmu, ya ce shi tun bara ya sauya, har yanzu yana neman inda aka kai masa wasu abubuwa, amma ya fi jin daɗin sabuwar. Na tambayi wani abokin sana'a a Kano, ya ce shi ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai taɓa tasa ba. Har Baba na tambaya, duk da bai san komai a kai ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ciwo take yi?" Na ce a'a, tsufa ne. Ya dubi hannuwansa ya ce, "To mu ma a sauya mu mana." Muka yi dariya, maganar ta wuce.

Da a nan na tsaya, da shi ke nan. Abin da ya tunzura ni ya zo ne wata Juma'a, ranar kasuwa. Wani Alhaji dillalin shanu, tsohon mai hulɗa da Baba, ya shigo shagon da ɗansa da za a ɗaura wa aure. Bayan mun gaisa, ya tambayi jikin Malam, ya tambayi Lajawa da mutanenta, sai ya zauna a benci ya ce, "Ɗan Malam, wata riga nake nema. Lokacin aurena tsohonka ya zana mini wata da ba ta da ta biyu. Askokinta ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke kamar ƙahon bijimi. Na sa ta har ta san jikina, daga baya wani ya yaba a Ikko na tuɓe na ba shi. Har yau ina cizon yatsa. Ita nake so wannan yaron ya sa ranar ɗaurin aurensa."

Na san ta, Baba yana kiran ta mai ƙaho. Na kunna kwamfuta cike da alfahari, ita kuwa ranar kamar ta sani, ta yi ta jan jiki. Angon, wanda ya sha boko yana ta latsa wata faffaɗar waya, ya leƙo ya ce, "Kai, Malam, wannan ai ta girme ni. A gidan tarihi ka samo ta?" Mutanen da ke shagon suka tuntsire da dariya. Na yi yaƙe, amma kunnuwana har zafi suke yi.

Da zanen ya buɗe, Alhaji ya miƙe tsaye. Ya matso har hularsa tana taɓa sikirin, ya ce, "Ita ce! Wallahi ita ce. Allah ya yi wa Malam albarka." Muryarsa har ta ɗan sauya. Ya ajiye farar shadda mai tsada, ya ce bikin sai bayan wata ya kama, amma kada in ba shi kunya.

Shi ya tafi da farin ciki, ni kuma aka bar ni da maganar gidan tarihi tana ci mini rai. Ku dubi wauta: mutum ya ga abin da ya shekara yana nema a cikin tsohuwar kwamfutar nan, amma ni abin da na riƙe shi ne dariyar yaro. Kafin la'asar na kira Injiniya na ce gobe ya zo ya sauya, ina so ranar da angon zai zo karɓar riga ya ga sabon abu.

Ya ce, "Oga, ba ka ce ka karɓi babban aiki ba? Ka gama shi mana tukuna."

Na ce, "Kai dai zo. Ko ba ka iya ba ne?"

Ya yi dariya ya ce zai zo, amma in kwashe duk zanena in zuba a fulash, domin wannan tsohuwar sai an share ta tas kafin sabuwa ta zauna. Ya ƙara da cewa in ban san yadda ake yi ba in bari ya zo mu yi tare. Wannan kalmar ta "in ba ka sani ba" ita ta kashe ni. Na ce masa tun yana firamare nake taɓa kwamfuta.

Na sayo sabon fulash, na soka, na tattara 'yan hotunan nan da ke kan sikirin, waɗanda kullum nake dannawa zane ya buɗe, na ja su na zuba a ciki. Cikin ƙiftawar ido suka shige. Har na yi mamakin saurin, na ce ashe tsohuwar tana da sauran ƙarfi. Na danna ɗaya daga cikin hotunan da ke fulash ɗin don in gwada, mai ƙaho ta buɗe tsaf. Na zare, na sa a aljihu, na tafi gida ina jin kaina.

Washegari da hantsi Injiniya ya zo da kayansa. Kafin ya fara ya ce, "Kawo fulash ɗin in duba." Akwai mutane a shagon, har da mai shayi da ya kawo kofi. Na daki aljihuna na ce, "Yana nan, na duba da kaina. Yi aikinka." Ya sake cewa, "Oga, ka tabbata? In na danna nan fa babu dawowa." Na ce, "Haba Injiniya, sau nawa zan faɗa?" Ya ɗaga kafaɗa, ya yi bismilla, ya danna.

Zuwa azahar kwamfuta ta zama amarya. Ya ƙara mata wani abu a ciki don ta ɗauki nauyin sabuwar manhajar, ya saka sabuwar manhajar zane, ya haɗa ta da inji, inji ya amsa. Kunnawa ɗaya take farkawa. Na riƙa kiran maƙwabta su zo su gani. Sannan na zaro fulash da yanga na miƙa masa na ce ya mayar mini da zanena.

Ya soka, ya buɗe. Ya danna ɗaya, wani ɗan rubutu ya fito. Ya danna wani, rubutun ya sake fitowa. Sai ya juyo a hankali ya ce, "Oga, ina sauran?"

Na ce, "Wane saura? Duka ke nan."

Ya cire tabaransa ya goge fuska. Ya ce waɗannan ba zanen ba ne, alamu ne kawai masu nuna hanyar inda zanen yake a can cikin kwamfuta. Kamar mutum ne zai tashi daga gida, ya ciro allon da ke ƙofa ya sa a mota, ya bar kayan a ɗaki, sannan ya sa a rushe gidan. Jiya sun buɗe ne don gidan yana nan. Yau babu shi.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ba rigar Alhaji ce ta fara zo mini a rai ba, hannun Baba ne, yadda yake rawa in ya ɗauki kofi. Takardu na zubar, kwamfuta na goge, mai zanen kuma ba zai iya sakewa ba. Aikin rayuwar mutum guda, ni ɗansa na share shi tsakanin hantsi da azahar don kada a ce ban iya ba.

Injiniya, Allah ya saka masa, bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya kori 'yan kallo, ya ja ƙofa, ya ce akwai manhajar da ke tono abin da aka goge, bari ya gwada. Ya tafi da kwamfutar makaranta, shi da wani malaminsu suka yi ta fama. Abin da suka tono gutsattsari ne, wani ya buɗe rabi, wani layuka ne a cakuɗe kamar kaji sun yi tono. Sabuwar manhajar ta riga ta zauna a kan mafi yawansu. Mai ƙaho ko alamarta babu.

Kwanakin nan ban ji daɗin abinci ba. Farar shaddar Alhaji tana rataye a shago, duk inda na juya kamar tana kallona. Na gwada zana mai ƙaho daga ka, abin da ya fito ya fi kama da lauje. Shaiɗan ya raya mini in ɗinka hakan, in ce inji ne ya sauya ta. Ya kuma raya mini in yi shiru, tunda Baba ba ya zuwa shago, har ya koma ga Allah ba zai sani ba. Na ɗan saurari wannan shawarar fiye da yadda ya kamata, ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni, na san duk ranar da na je gida sai ya tambaye ni, "Yaya 'ya'yana?" Haka yake kiran zanen nasa. Na ga ba zan iya ci gaba da ce masa suna lafiya ba.

Na hau babur na nufi Lajawa da safe. Gero ya yi kai a gonaki, hanya ta yi kyau, amma ni ji nake kamar kotu za ni. Na tarar da Baba a zaure ya jingina da ƙaton matashinsa, Inna tana daga ciki tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi gona, na sake tambayar jiki. Ya dube ni ya ce, "Gaisuwar nan ta yi tsawo. Me ka ɓata?"

Na faɗa masa duka, har da takardun da gara ta ci. Ban ɗora wa Injiniya ba, ban ɗora wa kwamfuta ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa a kan cinya. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, "Har mai ƙaho?" Na ce har ita. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To, dama mu ma tafiya za mu yi. Sun riga ni ne kawai." Nan hawaye ya zubo mini, ni da nake da 'ya'ya.

Inna ta jiyo salatin Baba, ta leƙo da rariya a hannu. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Malam, me wannan ya yi kuma?" Baba ya ce, "Zanen nan ne ya salwanta a cikin akwatinsa." Ta ce, "Wane zane? Irin na jikin tsummokaran da yake kawo mini?" Na ce e, irinsu, amma na ainihin. Ta taɓe baki ta ce, "Waɗannan masu taurin tsiya? Ai sun ishe ni. In na cusa su a matashi sai a ce yana cin kunci. Ƙanwarka ma dawo mini da nata ta yi. Sai da na zauna na tsince su ɗaya bayan ɗaya."

Na ɗago kai. Na ce, "Inna, da kika tsince, ina kika kai su?"

Ta nuna bayan Baba da rariya. "Ga su nan tsohonka yana jingine da su. Shi da ba kwanciya yake yi a kai ba."

Baba ya waiga ya dubi matashin, ya dube ta. Ya ce, "Shekara da shekaru ina cewa matashin nan kamar an cusa duwatsu, kina ce mini bayana ne ya tsufa!" Ta ce, "To ƙarya na yi? Bayan naka bai tsufa ba?"

Ban jira sun gama ba. Na janye matashin har Baba ya kusa kishingiɗewa a ƙasa, na karɓi reza na farke bakinsa, Inna tana faɗin in bi ɗinkin kada in yaga mata atamfa. Na zazzage shi a kan tabarma. Ga su nan, jama'a. Sun cukurkuɗe, sun yi wari irin na daɗewa, wasu sun yi baƙi, amma kowane zare yana inda allura ta ajiye shi. Aska biyu, aska takwas, manyan tambura da ƙanana, duk gwajin da na yi ina gunaguni. Na riƙa warware su ina miƙa wa Baba, shi kuma yana shafawa da yatsunsa masu rawa yana kiran sunan kowanne kamar mai kiran yara cin abinci. Tarin yana raguwa, amma ban ga wadda na zo nema ba. Sai can ƙasa, a dunƙule a kusurwar matashin, na jawo wani shuɗin ƙyalle. Tun kafin in gama buɗewa na ga lanƙwasar.

Na yi kabbara da ƙarfi har awaki suka watse a tsakar gida. Baba ya karɓa ya shimfiɗa a gwiwarsa, ya bi ƙahon da ɗan yatsa, yana murmushi. Sai kuma ya tsaya a wani wuri ya ce, "Nan ka karkace. Tun wancan lokacin na gani a rigar wani, na yi shiru don kada in karya maka gwiwa." Inna ta ce, "To yanzu wa zai mayar mini da matashina?"

Ba duka aka samu ba. Akwai wani ƙaramin tambari da Inna ta mayar abin sauke tukunya, wuta ta cinye rabinsa. Akwai wasu da ko a matashin ƙannena ba a gan su ba, duk da sai da na bi gidajensu ina farke musu kayan ɗaki suna yi mini tsiya. Waɗannan sun tafi ke nan, kuma ni na jawo. Amma mafi yawa sun dawo.

Na wanke ƙyallayen, na goge, Injiniya ya ɗauki hotonsu da sikana ya zuba a kwamfuta. A wannan karon na ce masa, "Zauna ka koya mini tun daga farko, ban san komai ba." Ya ce, "Oga, yau ka zama injiniya." Na ɗauko Baba a mota na kawo shi shago, abin da bai taɓa yarda ya yi ba. Aka sa masa kujera kusa da ni, ina bin layi da maus yana ba da umarni. "Sauko. Sauko kuma. Kai, ƙaho ne fa, ba wutsiya ba." Sabuwar manhajar tana iya ƙara girman zane har ka ga kowane ɗigo, abin da tsohuwar ba ta yi, don haka ko da idonsa ya raunana yana gani sarai. Ranar ya ce da ni, "Ashe amaryar taka tana da amfani." Hannuna ne a kan maus, amma shi ya yi zanen. Mai ƙaho ta fito fiye da yadda take a da.

Sai da na gwada ta a ƙyalle, ba tare da kowa ya tuna mini ba, sannan na ɗora shaddar Alhaji. Ranar da suka zo karɓa, Alhaji ya ɗaga rigar ya juya ta gaba da baya, ya rungume Baba da ya tarar a shagon, suka yi ta tuna mutanen da suka rasu. Angon kuwa, wanda saboda shi na yi duk wannan, ya sa rigar ya tsaya gaban madubi yana ɗaukar kansa hoto. Ko kallon inda kwamfutar take bai yi ba.

Yanzu zanen Baba yana wuri uku: a kwamfuta, a fulash da na iya cikawa da gaske, da kuma cikin wata jaka da na adana ƙyallayen. Inna na saya mata auduga, ta ce ba ta kai tsumma daɗi ba. Masu shago sukan zo su tambaye ni ko su sauya babbar manhaja ko su bari. Nakan ce musu sauyin ba shi da laifi, ni ma na ji daɗinsa daga baya. Amma kada su yi da aikin mutane a hannu, kada su yi don wani ya yi musu dariya, kuma su bari wanda ya sani ya duba kafin a danna. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: cewa "ban sani ba" ba ta rage wa mutum komai. Ni ƙin faɗarta ya kusa cinye mini gadon ubana tun yana raye, sai Allah ya sa tsohon yana jingine da shi.